Hancina Ya Yi Yaji

'Yan uwa, ku gyara zama, don abin da zan faɗa muku yau ko Umma da ta haife ni ba ta sani ba. Na rubuta na goge ya fi a ƙirga, in kun ga magana ta karkace ku yi mini uzuri.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni ce mai ɗan shagon man ƙamshin nan, wadda ke haɗa wa mutane man shaƙa da na shafawa, na ciwon kai, na gajiya, na rashin barci. Ni ba likita ba ce, kuma duk wanda ya shigo sai na ja masa kunne kada ya ajiye maganin asibitinsa saboda kwalbata. Abin da nake taƙama da shi kaf hancina ne. Tun ina ƙarama Abba, Allah ya ji ƙansa, yake kirana Mai Hanci, don kafin baƙo ya yi sallama na riga na faɗi ko wane ne. Sunan ya bi ni makaranta, ya bi ni har shago.

To hancin nan ya yi yaji.

Wata muguwar mura ce ta kwantar da ni kwanakin baya. Zazzaɓi ya sauka, tari ya tafi, na koma shago da ƙarfina, na buɗe kwalbar lafanda na kai hanci. Shiru. Na ce ko ta sha iska ne. Na buɗe ta kanumfari, wanda tun daga bakin ƙofa yake marin mutum. Shiru. Na bi kantar nan kwalba-kwalba kamar wadda aljanu suka taɓa, wardi, citta, lemun tsami, sandal, duk kamar ruwan famfo nake shaƙa. Na'ana'a ce kaɗai na ji sanyinta ya ratsa ni, amma ƙamshin babu. Na zame na zauna daɓas a ƙasa, murafun kwalabe zube a cinyata.

Tun daga ranar nake zaman ɓarauniya. Da ido nake haɗa mai, da abin da na haddace, ina karanta rubutun jikin kwalba kamar sabuwar 'yar koyo. Mace ta miƙo mini wuyan hannunta ta ce, “Ji wannan,” in lumshe ido in ce, “Masha Allah,” alhali ko kananzir ta shafa ban sani ba. Abinci ya koma kamar kwali a bakina. Wanka kuwa sai na yi na sake, don ban san ko ina tashi ba. Na bincika a waya na ga an ce masu irin lalurata su riƙa shaƙar man wardi, da na lemun tsami, da na kanumfari, da na bishiyar turare safe da yamma, wai hanci yana tuna hanya. Kullum sai na kulle kaina a banɗaki da 'yan kwalabena ina shaƙa kamar mai shaye-shaye. Har yau ko alama.

Za ku ce me ya hana ni gaya wa Umma? Hmm. Ai sai kun san maganar Mai Ciwon Kai.

Haka na ajiye sunansa a wayata, don haka ya fara shigo mini shago, dafe da goshi, ido jajir saboda kallon kwamfuta. Zanen gine-gine yake yi. Na ɗiga masa na'ana'a a man kwakwa na ce ya shafa a gefen goshi, kada ya kai kusa da ido, kuma ya je a auna masa gilashi. Ya dawo da gilashin a fuska ya ce kai ya daina ciwo, amma yanzu mahaifiyarsa ce ba ta barci tun rasuwar mahaifinsa. Na haɗa mata lafanda da ɗan sandal. Ta yi barci. Daga nan ciwon kansa ya riƙa dawowa duk bayan kwana biyu, ciwon da ba ya tashi sai in ina shago.

Hajiya kuwa, mahaifiyar tasa, ta ɗauke ni ta ɗora a kai. Duk inda ta zauna sai ta ce yarinyar da ta dawo mata da barci ita ɗanta zai aura. Umma ta ji, ta kama maganar da hannu bibbiyu. Ni kaɗai ce ban ce i ba, ban ce a'a ba.

Shekaranjiya da safe ina ninke kaya Umma ta faɗo ɗakina ko sallama babu.

“Ke, me kike jira? Hajiya na hanya. Ki sa doguwar rigar nan mai ruwan zuma, da mayafinta, ba wannan tsumman ba.”

“Umma, gaisuwa fa kawai ta ce za ta zo.”

“Gaisuwa? Mace kamar Hajiya za ta taso da ƙafarta don gaisuwa? Sa'o'inki duk suna ɗakunansu, ke kina nan kina shinshina kwalabe. Yaron nan me ya rasa? Hankali ko sana'a?”

“Ban ce ya rasa komai ba.”

“To bakinki ciwo yake da ba za ki ce i ba?” Ta tsaya ta ɗaga hanci sama. “Wai ba ki jin ƙauri? Innalillahi, madarata!”

Ta kwasa da gudu. Ni kuwa ko alamar ƙaurin ban ji ba. Da can ni ce mai ƙwala mata kira tun kafin tukunya ta fara kamu. Allah ya taimake ni hankalinta na kan baƙi, ba ta lura ba.

Na sa rigar, na ɗaura ɗankwali na kwance, na sake ɗaurawa. Na fesa turare, ban san ko ya isa ba, na ƙara, na tsorata ko ya yi yawa, na goge da jiƙaƙƙen tawul. Kafin in gama na ji tsayuwar mota.

Hajiya doguwa ce, siririya, cikin farar riga da farin mayafi, ba ta da yawan magana sai kallo. Na durƙusa na gaishe ta, ta kamo hannuna ta zaunar da ni kusa da ita a doguwar kujera. Shi kuwa gogan yana can kujerar bakin ƙofa cikin riga mai ruwan toka, ya sunkuyar da kai kamar ba shi ne mai cika ni da saƙo tun asuba ba. Umma sai kaiwa da komowa take da farantin shayi, kofunan nan masu bakin zinare da ba a fito da su sai ta yi niyyar burge mutum.

Bayan an gama gaishe-gaishe Hajiya ta buɗe jakarta ta ciro wani ƙunshin hankici. Ta warware a hankali. 'Yar ƙaramar kwalba ce mai duhu, rubutun jikinta ya goge tas.

“'Yata,” ta ce, “wannan man marigayi ne. Shi yake shafawa, ban taɓa tambayarsa sunansa ba, don ban zaci zan nema ba. Ya ƙare, sai abin da ya kama kwalbar. Ki shaƙa ki gaya mini abin da ke ciki. In kin iya, ki haɗa mini irinsa.”

Umma ta yi caraf ta ce, “Ai Hajiya kin kawo gida. Wannan ko ta bayan bango ne sai ta gaya miki.”

Wayyo Umma!

Na karɓi kwalbar. Na buɗe. Na kai hanci na ja numfashi har ƙirjina ya yi zafi, ina addu'a a zuci, ya Allah ko ɗan kaɗan, ko na daƙiƙa ɗaya. Babu. Na ɗago na ga ido shida a kaina. Abin da ya kamata in ce a bayyane yake, amma harshena ya ƙi. Sai kawai na lumshe ido, abin da ya faɗo mini shi ne hular Abba da na adana a ƙasan akwatina, wadda nakan buɗe in shaƙa in kewarsa ta ishe ni.

“Akwai sandal,” na ji bakina yana faɗa. “Da kanumfari, ɗan kaɗan, daga ƙasa. Sai wani abu mai ɗumi, kamar mutum ya dawo daga rana ya cire hula ya ajiye.”

Da na buɗe ido hawaye na bin kuncin Hajiya. Umma ta hau kabbara tana cewa, “Ban gaya miki ba?” Shi kuwa ya ɗago ya zuba mini wani irin kallo ta saman gilashi wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Har suka tafi bai ce mini ko sai an jima ba.

Ban gama kwashe kofuna ba wayata ta yi ƙara, saƙonsa ne.

*Kin iya wasa.*

Na rubuta: *Wane wasa?*

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Na jingina da firiji ina jira.

*Babu komai a kwalbar nan. Ni na wanke ta da sabulu da ruwan zafi da hannuna, bayan rasuwar Baba, ina gyaran ɗaki, ban san mece ce ba. Na mayar na yi shiru. Na zaci za ki ce ƙamshin ya tashi, magana ta mutu. Me kika ji a ciki?*

Wani saƙon ya sake shigowa.

*Haka kike yi wa duk masu shigo miki?*

'Yan uwa, da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na rubuta *ba haka ba ne*, na goge. Na rubuta *zan yi maka bayani*, na goge. Umma tana falo tana waya da Gwaggo, ƙanwar Abba, ina jiyo ta tana cewa, “Har kuka Hajiya ta yi, ai magana ta ƙare, sai sa rana.” Na kashe wayar gaba ɗaya na cusa ta cikin kwandon wanki.

Jiya tun da sassafe na gudu shago don kada Umma ta titsiye ni. Na share inda yake a share. Na jera kwalabe na rushe, na sake jerawa. Na kunna 'yar na'urar tururi na manta ban ɗiga mata komai ba, ko na ɗiga, oho. Duk motar da ta rage gudu a titi sai na leƙa.

Wajen hantsi ya shigo. Babu murmushi, babu dafe goshi. Ya tsaya a gaban kanta, hannu cikin aljihu.

“Kin kashe waya.”

“Caji ne ya ƙare.”

“Wannan ma ƙarya ce?”

Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafina.

“Tsohuwar nan ta yarda da ke fiye da yadda ta yarda da ni,” ya ce. “Da me ta cuce ki? Ko so kike ki haɗa mata wani abu ki ce na Baba ne?”

“Wallahi ban yi niyyar cutarta ba.”

“To me kika yi niyya?”

Na rasa ta inda zan fara. Sai na juya na ɗauko kwalbar kanumfari da ta lemun tsami na dire a gabansa. Na rufe idona da tafin hannu.

“Buɗe ɗaya ka kawo hancina. Kowacce.”

“Ba wasa na zo yi ba.”

“Don Allah ka yi.”

Na ji ƙarar murfi. Na ja numfashi. Na sake ja.

“Ban sani ba,” na ce. “Ko fetur ka kawo mini ban sani ba. Tun murar nan ban ƙara jin ƙamshin komai ba. Ko wari. Ko kai da kake tsaye a nan.”

Kuka ya ƙwace mini, irin mai shessheƙa da majina, ba irin na fim ba. Da na sauke hannuna na ga duka kwalaben a rufe suke, ashe murfin kawai ya murɗa ya mayar, iska ya miƙo mini. Ya jawo kujerar kwastomomi ya zauna kamar wanda aka zare wa laka.

“Duk tsawon lokacin nan? Ke kaɗai?”

Na gyaɗa kai.

“Kin je asibiti?”

“In je in ce me? Wata ta gan ni a layin likitan hanci, gobe kowa ya ji Mai Hanci ba ta da hanci?”

“Gobe za ki je, ni zan kai ki.” Ya cire gilashi ya murza ido. “Amma me ya sa ba ki gaya mini ba? Ni fa?”

Nan na faɗi abin da ya fi ci mini rai. Na ce, “Ai Hajiya ce ta zaɓe ni, saboda man barci. In hancin ya tafi, me ya rage da za a aura?”

Ya dube ni kamar zai yi dariya, kamar zai yi faɗa. “Kina tsammani duk ciwon kan nan da nake zuwa da shi Hajiya ce take aiko ni?” Ya miƙe ya ɗauki mukullin mota. “Rufe shagon. Ni na wanke kwalba na ɓoye, ke kin shaƙi iska kin yi wa'azi. Ba zan iya kallon idonta da ƙarya biyu a baki ba. Mu je mu faɗa mata.”

“Yanzu?”

“Yanzu.”

A mota ban iya zama ba. Na sauke gilashi, na ɗaga. Na gyara ɗankwali ya fi sau nawa. Na kunna wayar da na tono daga kwandon wanki, saƙonnin Umma suka yi ta shigowa kamar ruwan sama: *Kina ina? Gwaggo ta ce a fara duba kayan ɗaki. Ki kira ni.* Na kife ta a cinya.

Ɗakin Hajiya tsaf yake, farin labule, gado a gyare, carbi a kan filo. A kan durowar gefen gado na hango kwalbar man barcin da na aika mata ta ƙarshe, cike take, kamar ba a taɓa ba.

Muka durƙusa a gabanta kamar yaran da suka fasa madubi. Shi ya fara, yana in'ina, ya faɗi nasa. Ni na ɗora nawa, kaina a ƙasa, ina kallon zanen kafet. Ba ta katse mu ba. Da muka gama ta dube shi.

“Kai, tashi ka ba mu wuri. Ja mini ƙofar.”

Ya fita sumui-sumui. Ta nuna mini gefen gado.

“Ranar da ya wanke kwalbar nan na sani,” ta ce. “Warin sabulun wanke-wanke ya yi sati a cikinta. Na ga yadda yake bin bango in ya gan ni, na ce maraya ne shi ma, a bar shi da abin da ya dame shi.”

Na ɗago da sauri. “To Hajiya, me ya sa...”

“Man da kika aiko mini na ƙarshe, man kwakwar da kika sirka da shi ya juya. Ina buɗewa na ji. Na ce yarinyar da na sani ba za ta bar wannan ya fita daga hannunta ba, sai in wani abu ya same ta. Na kawo miki kwalbar nan ne don in buɗe miki ƙofa ki faɗa. Sai kika bi ta taga.”

Kunya ta rufe ni har na ji kamar in nutse. Man da ya lalace na ba tsohuwa ta shafa a jikinta. Wa ya san su wa kuma na ba?

“Ki yafe mini. Yau zan kira duk wanda na haɗa wa, in karɓo.”

“Ki yi hakan. Kuma ki sani, marigayi ko kusa da kanumfari ba ya zuwa, atishawa yake sa shi har ya yi hawaye.”

“Amma kin yi kuka, Hajiya.”

“Na yi. Na ga yarinya ta rufe ido tana kwatanta mutumin da ta rasa. Mahaifinki ne ko?”

Na gyaɗa kai. Ta jawo kaina ta ɗora a kafaɗarta, ta bar ni na jiƙa mata farin mayafi. Sai da na yi shiru ta ɗago haɓata da yatsa.

“Hanci zai dawo in Allah ya so, in bai dawo ba ma ba kanki farau ba. Ba shi ya dame ni ba. Jiya uwarki ta kira ni tana maganar sa rana, na ce ta dakata. Wadda ta iya cewa ta ji ƙamshi don kada ta kunyata uwarta, za ta iya cewa tana son mutum don kada ta kunyata uwarta. Ni kuwa ɗa ɗaya gare ni. Ki gaya mini tsakaninki da Allah: son shi kike, ko tsoron mu kike ji?”

Ta ƙasan ƙofa ina hango inuwar ƙafafu biyu, sun ƙi matsawa.

“Hajiya,” na ce a hankali, “ni ban taɓa yanke hukunci a kan mutum ba sai da hancina.”

“To wannan karon sai ki yi da abin da ya rage miki.”

Ta miƙe, ta taka ba sauti, ta fizgi ƙofar. Saura kaɗan ya kifa a kan kafet, gilashinsa ya zamo har kan hanci.

“Shigo, ai da ma kana ji,” ta ce masa. Sannan ta juyo gare ni, ta ɗauki carbinta ta nufi waje. “Ga shi nan. Ba ni za ki aura ba. Shi za ki faɗa wa.”